Darar Babana a Ɗakin Ƙasan Baffa

Abin da na fara lura da shi a Amurka shi ne gidajensu suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. A gidan Baffa Habu, ƙanin mahaifina, da ke Sterling a jihar Virginia, ƙofar ɗakin ƙasan tana jikin kicin. Idan ka sauka, injin wanki yana hannun hagu, hannun dama kuwa kantoci ne cike da tsofaffin kwamfutocin da Baffa yake tarawa. Aikinsa a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen nan marasa taga yake, kusa da filin jirgi, inda ake tara na'urorin zamani. Idan ya dawo gida kuma sai ya sauka wurin waɗanda suka girme ni, yana kunce su yana ɗaurewa. A kanta ta ƙarshe akwai wata mai launin ƙasa-ƙasa, an lulluɓe ta da tsohon tawul. Ita ce ta Babana.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, ba a daɗe da rasuwar Baba ba. Baffa ya ɗauko ni daga Zariya in yi karatu, kowa yana cewa na yi sa'a. Ni kuwa abu ɗaya na ƙulla a raina, kuma ba karatun ba ne.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" yake cewa, ko ya tambayi Umma, "Ina yarinyar nan?" Ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni sai dai in kawo shayi in ajiye in koma bakin ƙofa. Daga bakin ƙofar nan na koyi dara. Bayan la'asar yakan zauna da abokansa a gindin mangwaro, gidajen dara a haƙe a ƙasa, shi da ƙwallayen dabino, abokin karawarsa da tsinkaye. Na san yadda yake fara sa ɗansa a kusurwa kamar bai damu ba, sai wasa ya yi nisa ka ga ashe daga nan zai jera uku ya ci. Na san abin da yake faɗa idan ya gama da mutum: "Tashi ka ba masu iyawa wuri." Ban taɓa zama a gabansa ba.

A gindin mangwaron nan na ji yana ba abokansa labari cewa lokacin da yake karatu a Amurka, tun kafin a haife ni, ya koya wa wata na'ura dara. "Irin wasana take yi sak," in ji shi, "har da mugun halin." Da zai dawo gida ya bar ta ajiya a wurin ƙaninsa. Kuma yana kwance a asibiti ya ce da Umma, "Na'urar nan ta wurin Habu, ta yarinyar nan ce." Umma ta faɗa min, ta kuma faɗa wa Baffa a waya. To ga ni ga na'urar. So nake in zauna a gabanta in kara da Babana ko sau ɗaya ne.

Makaranta ta sha min kai a watannin farko. Wata malama ta tsayar da ni ta ce in riƙa kallon idonta idan tana magana, wai sunkuyar da kai alamar ina ɓoye wani abu ne. A wurin cin abinci nakan zauna kusa da taga in ƙirga jiragen da ke sauka, in yi ta tunanin wanne ne zai koma. Katin waya da nake kiran Umma da shi kuwa ɓarawo ne, kafin mu gama gaisuwa wata murya ta ce lokaci ya ƙare. 'Ya'yan Baffa suna jin Hausa amma da Turanci suke ba ni amsa. Duk wannan na haɗiye shi. Ranar Lahadi ni ke wanki, sai in ɗaga tawul ɗin in shafa madannan na'urar in mayar. Kusa da ita akwai kwalin takalmi cike da faifai, irin masu faɗin nan baƙaƙe da ke lanƙwashewa, kowanne da rubutun Baba da koren biro.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Baffa, ko za a kunna min ita?"

"Saude, ki bari tukuna," in ji shi. "Wannan abin ya tsufa. Sai na gyara miki ita yadda za ki ji daɗinta."

Na ce to. Ina cin abincinsa, ina kwana a gidansa, me zan ce ban da to?

Sai da hunturu ya wuce sannan ya kira ni. Ranar Asabar ce, abokansa likitoci da injiniyoyi sun zo cin tuwo, ya sauko da su ɗakin ƙasa ya sa ni a gaba. An cire tawul, an goge na'urar tana ƙyalli. Kwalin faifan ba ya nan. Guda ɗaya kawai na gani a kan tebur.

Baffa ya fara bayani yana murna. Ya ce kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tashinta ta riƙe ragamarta, ta wannan sunanta CP/M, kuma a jikin faifai take zaune. Wadda Baba ya bari ita ce ta biyu. Shi kuwa ya samo ta uku ya ɗora a kan faifan, ya kuma ƙara wa na'urar allon ƙwaƙwalwa.

"Ku duba bambanci," in ji shi. "Tsohuwar, idan ka canja faifai ba ka danna mata maɓallai biyu ka sanar da ita ba, sai ta ƙi rubutu ta hau ka da faɗa. Wannan ko a jikinta. Tsohuwar ba ta san rana ba, ba ta san wata ba. Wannan tana iya buga wa kowane fayil ranar da aka yi shi. Ga sauri. Idan ka manta umarni ka tambaye ta, ta tuna maka."

"Wato kamar ka sauka daga akwala ka hau sabuwa dal," in ji wani likita, aka yi dariya.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ya nuna mana ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ja min kujera ya ce, "Bismillah, taki ce."

Na rubuta DARA na danna. Faifan ya yi ƙugi. Sai fuskar na'urar ta cika da tarkacen alamomi, suka yi ta zuba daga sama zuwa ƙasa, sannan komai ya tsaya cak. Baffa ya kashe ya kunna, ya gwada da kansa, haka ta sake yi.

Ya yi dariya ya juya wurin abokansa. "Yaya, Allah ya jiƙansa, malamin lissafi ne, ba gwanin rubuta manhaja ba. Aikin ɗalibai ne. Kada ki damu Saude, zan samo miki wasanni masu kyau, har da na Turawa."

"Baffa, sauran faifan fa?"

"Na ba wani a madadin allon nan. Ba abin da ke ciki sai tarkace." Ya dube ni yana jira. "Ba za ki yi godiya ba?"

Na durƙusa na ce na gode, Allah ya ƙara arziki. Na hau sama na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni. Shekara da shekaru na'urar nan tana ƙarƙashin tawul ba wanda ya taɓa ta. Sai da mai ita ta zo, sannan aka ga ya dace a gyara. Kuma ban taɓa jin an kira Babana da rashin iyawa ba sai ranar nan, a bakin ƙaninsa, a gaban baƙi, ni kuma ina durƙushe ina godiya.

Bayan 'yan makonni Baffa ya ce in raka shi taron masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci, in taya shi ɗaukar kaya. A wani zauren haya aka yi, can cikin Maryland, yawancinsu tsofaffin maza ne masu furfura da ƙaton ciki, suna musu a kan ta biyu da ta uku kamar masu musun ƙwallo. Wani ya ce ta uku ta fi komai. Wani ya ce ta cika cin wuri, idan ba ka da ƙarin ƙwaƙwalwa wahala kawai za ka saya. Baffa ya ɗora na'urar Baba a tebur, ya kafa kati a gabanta da sunansa shi kaɗai.

Ban iya tsayawa kusa da katin nan ba, sai na shiga zagaya. A wani tebur na ga faifai a jere da sababbin fararen takardu a manne a goshinsu. Ɗaya daga ciki takardar ba ta rufe ta ƙasa duka ba, wutsiyar wani harafi ta leƙo da koren biro. Na ɗaga kai. Mai teburin wani dattijo ne baƙar fata, dogo, da tabarau a rataye a wuya. Ya yi min murmushi ya tambaye ni ko ina son wani abu. Baffa yana hango ni daga nesa. Sai na ɗauki ɗaya daga cikin katunan da ya ajiye na cusa a hannun rigata. Sunansa Mista Walta, gidansa a Fort Washington.

Katin ya daɗe a cikin littafina na lissafi. Ba ni da mota, ban san hanya ba, kuma ba zan iya tambayar Baffa ba. Wadda ta fitar da ni ita ce Anti Ladi, wata nas 'yar Filato da ke haya a gidan da ke kallon namu. Takan ba ni gwate idan ta dafa, ta ce in ci in tuna gida ko da ba namu ba ne. Wata rana ta same ni zaune a kan matakalar ƙofa bayan an taso makaranta.

"'Yar Zariya, wa ya mutu kuma? Wannan fuska ai sai ta tsinka madara."

Ban san yadda aka yi ba, na kwashe komai na faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni ban san faifai ba, ban san ta biyu ba balle ta goma. Amma na san kayan marayu. Ranar Asabar ba ni da aiki. Ki ce wa matar baffanki za ki raka ni kasuwa, kuma za mu je kasuwar, don kada ki ce na sa ki ƙarya."

Muka je kasuwar, ta sayi busasshen kifi. Daga nan muka hau babbar hanyar da ta kewaye Washington, muka maƙale a cunkoso a kan gadar kogin Potomac, ita tana zagin direbobi da Hausa tana yi musu murmushi ta gilashi. Ni ina riƙe da katin har ya jiƙe da gumi.

A garejinsa muka sami Mista Walta. Turancina ya gudu, Anti Ladi ce ta yi bayani. Ya cire tabarau ya sa, ya sake cirewa.

"Na tambayi baffanki," in ji shi. "Na ce ka tabbata ba abin da kake so a ciki? Ya ce tarkacen wani ɗalibi ne. 'Yata, faifan nan wuyar samu suke yi yanzu. Na goge su na yi amfani da su."

"Duka?" Wannan ce kalmar farko da na faɗa.

Ya jawo wata durowa ya yi ta tono. Ya fito da guda ɗaya wanda gefensa ya lanƙwashe, ya ce ya ware shi ne don yana tsoron ya ɓata masa na'ura. Rubutun Baba yana nan, ba a manna komai a kai ba. Ya tsaga rigar faifan da reza a hankali, ya zaro baƙin da ke ciki ya share masa ƙura, ya sa shi a wata sabuwar riga. Ya saka a na'urarsa ya daɗe yana kallon lambobi suna wucewa.

"Mahaifinki yana da hali mai kyau," in ji shi. "Yana ɗora babbar manhajar a kan kowane faifai, ko da na ajiye takardu ne. Tana nan. Kuma ba irin ta kowa ba ce, ya yi mata ƙari da hannunsa."

Ya yi min bayani yadda zan gane. Ya ce in ɗauka manhajar gida ce. A cikin ta biyu, Baba ya gina wani ɗan ɗaki nasa na zana allon wasa, wasan kuma kai tsaye yake zuwa ya buga ƙofar ɗakin nan. Ta uku ta rushe gidan ta sake gini, ya fi girma, ya fi kyau, amma inda ƙofar take yanzu bango ne.

"To wacce ta fi?" in ji Anti Ladi.

"Ta uku, ga mai son aiki. Ni ma ita nake amfani da ita." Ya dube ni. "Amma wasan nan ba zai tashi ba sai a kan ta mahaifinta. Wanda ya rubuta wannan ƙarin ya san abin da yake yi."

Ya kwafa min a sabon faifai, ya haɗa min da tsohon. Ya ce in tashi na'urar da wannan a ramin farko, in sa wanda wasan ke ciki, wato guda ɗayan da Baffa ya rage, a rami na biyu, ba sai an cire allon Baffa ba, tsohuwar ba za ta ma san yana nan ba. Na yi masa godiya, kuma wannan karon da gaske nake.

Mun yi yamma a hanya. Baffa yana tsaye a falo muka shiga, ya ga abin da ke hannuna. Ya sallami Anti Ladi da gaisuwar da ba ta kai ciki ba, ya rufe ƙofa.

"Gidan wani ƙato kika je a Maryland ba da sanina ba? Mutumin da muke haɗuwa a taro? Yanzu me zai ɗauke ni? Na kashe lokacina na mayar miki da gwangwani abin amfani, sakayyar ke nan?"

Kaina yana ƙasa. Ina kallon wani ɗan zare da ya fito daga kafet kusa da babban yatsansa. Na ji muryata ta fita, ƙarama, amma ta fita.

"Baffa, ajiya ya ba ka. Ba gyara ya ce ka yi ba."

"Me kika ce?"

"Kuma Baba ya iya. Mutumin ya ce ya iya."

Matarsa ta leƙo daga kicin ta koma. Baffa ya ce zai kira Umma ya faɗa mata irin tarbiyyar da ta turo masa. Ya ce daga yau kada ƙafata ta sake taka inda na'urorinsa suke. Ya kira ta kuwa. Umma ta yi min faɗa a waya tana kuka, ta ce in ba shi haƙuri. Na ba shi, a durƙushe, kamar yadda aka koya min. Bai ce komai a kan faifan da ya bayar ba, a ranar ko bayanta.

Sai dai wanki bai daina taruwa ba, kuma injin wanki a ɗakin ƙasa yake. Ranar Lahadi da hantsi ya kwashi 'ya'yansa zuwa masallaci wurin karatu. Matarsa ta miƙo min kwandon kaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Zannuwan gado ne, suna daɗewa. Kada ki yi sauri."

Na zuba kaya na kunna inji. Na tsallaka hannun dama. Na sa faifan Mista Walta a ramin farko, na wasan Baba a na biyu, na kunna. Ta yi ƙugi, ta yi shiru, koren rubutu ya fito, gajere, ba irin dogon bayanin ta uku ba. Na rubuta umarnin yadda ya koya min.

Layuka suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya har gidajen dara suka cika fuskar na'urar. A ƙasa aka rubuta da Hausa: WA ZAI KARA DA NI?

Na daɗe ina kallon tambayar. Sannan na rubuta SAUDATU.

BISMILLAH, SAUDATU, in ji ta.

Na san na'ura ce. Na san duk sunan da aka ba ta shi za ta maimaita. Amma shi ya rubuta wannan layin, shi ya bar gurbin da sunan zai zauna. Na kifa kaina a kan tebur, injin wanki yana ta jijjiga a bayana. Kuma abin da ban zata ba, shi ma sai na ji ina fushi da shi. Ina bakin ƙofa duk shekarun nan da tiren shayi a hannu, kalma ɗaya ce, bai faɗa ba, sai da na tsallaka teku na yi faɗa da ƙaninsa sannan na same ta a jikin gilashi.

Na share fuska na sa ɗana a tsakiya. Ita ta sa nata a kusurwa, kamar ba ta damu ba.

Na san abin da ke zuwa, na gan shi sau da yawa daga nesa, amma duk da haka ban iya tare shi ba. Ta jera uku ta ci, ta sake jerawa ta ci. Kafin inji ya gama matse zannuwa ta share ni tas. Fuskar na'urar ta goge, layi ɗaya ya fito:

TASHI KA BA MASU IYAWA WURI.

A sama na ji ƙarar ƙofar gareji tana buɗewa, motar Baffa ta dawo. Ban tashi ba. Na gyara kujera na sake rubuta sunana.